Hannun Kaka a Bangon Jidda

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Mansur a Makka, ni da maigida da mahaifiyarsa, ga yarona ɗan wata bakwai a goye. Jidda muka nufa, kuma ba yawo ya kai mu ba. Ma'aikacin ofis ne ya ce ba za a rubuta yaron a ɗan ƙasa ba sai an kawo shaidar cewa danginsu na nan tun zamanin Turkawa. Inna kuwa, wato surukata, ta rantse kakan maigida magini ne, ya gina wani gida a tsohuwar Jidda, sunansa na jikin dutsen ƙofa.

Motar haya muka shiga, aka cusa mu tare da buhunan albasa. Hanya sai yashi da baƙaƙen duwatsu, jefi-jefi rumfar mai gahawa. Duk inda na hangi hular askari, wato ɗan sanda, sai na sunkuyar da kai, don ni ko guntuwar takarda ba ni da ita. Ga hannun yaron ina ta tura shi cikin zani. Cindo ne, yatsu shida gare shi a dama, ba na son a yi ta kallo. Har na yi magana da wanzami, ranar Asabar zai cire na shidan.

Da hantsi muka isa. Zafin Jidda jiƙaƙƙe ne, kamar an rufa wa mutum bargon da bai bushe ba. Muka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa, ya fi na Makka tsada, ya kuma fi shi ruwa. Gidajen tsohon garin dogaye ne, na dutsen teku, tagoginsu na katako sun leƙo kan hanya kamar yanzu za su faɗo. Tsakiyar lungu na dinga bi, hannuna a baya ina kare kan yaro.

Kusan kowane babban gida da dutsensa mai rubutu a saman ƙofa. Ashe haka suke ajiye tarihinsu. Maigida ya karanta na farko: bisimilla, sunan wani attajiri, shekarar gini. Na biyu na mai jiragen ruwa ne. Na uku wurin shan ruwa ne da wani Basha, babba cikin Turkawa, ya yi sadaka. Babu wanda ya ambaci mutumin da ya ɗauki dutsen a ka.

"Inna, wai yaya gidan yake?" in ji maigida.

"Akwai akuya ɗaure a ƙofar."

"Yaushe kika gan ta?"

"Ina amarya."

"Shekara arba'in fa ke nan, Inna."

"To akuyar ba ta bar 'ya'ya ba ne?"

Haka muka bi awakin Jidda ɗaya bayan ɗaya har azahar. Yaro ya fara tsala kuka, na zaga bayan wani gida inda babu maza, na zauna a ƙasa ina ba shi nono. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da kallo. A gindin bango, cikin tsohon yaɓe, sai ga shatin tafin hannu. Don rashin abin yi na ƙirga yatsun. Na sake ƙirgawa. Shida.

Ihun da na yi ne ya fito da mai gadin gidan, tsoho tukuf da sanda, ya zaci kunama ce. Inna ta iso tana haki, ta duba ta ce, "Ai na gaya muku nan ne." Alhali ko kashin akuya babu a wajen.

Tsohon ya ce yana yaro ya san maginin, Takruni ne irinmu baƙaƙen da suka zo daga yamma, Abu Sitta suke ce masa, wato mai shida. Mai gidan ya ƙi a sa sunansa a dutse, shi ne ya zagayo baya ya manna hannunsa. Maigida ya roƙe shi ya zo ya yi mana shaida a gaban hukuma. Tsohon ya girgiza kai. "La, la, ya waladi, ni ban san ku ba."

Sai na sauke kunya na buɗe zanin. Na ɗora tafin yaron a tsakiyar na bangon. Tsohon ya sunkuya, ya taɓa ɗan yatsan, ya yi dariya har da tari.

"Masha Allah! Ya dawo duba aikinsa."

Ya ce a aiko masa da ranar, zai hau mota ya zo Makka, amma a tanadar masa shayi mai kauri.

Kafin magariba muna gida. Abin da na gane a tafiyar nan shi ne, manyan Jidda a sama suka rubuta sunansu, sai mai karatu ke gani. Namu a ƙasa yake, sai da na zauna na same shi. Inna dai har yanzu ce wa maƙwabta take akuya ce ta nuna mana. Takarda ba ta fito ba tukuna. Amma na aika wa wanzami kada ya wahalar da kansa ranar Asabar.