Lallen Inna da Na'urar Yatsu

Shekarar da aka rufe layin wayar Inna saboda ba ta da lambar ɗan ƙasa, ƙanwata autarmu tana Goronyo da tsohon ciki. Kullum da safe sai sun yi magana, sai ga waya ta yi gum. Inna ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa a Wurno nake aure, ba kusa nake ba balle in riƙa ara mata tawa.

Da aka ce masu rajista za su zo Rara, garin su Inna, da na'urarsu, na tafi in raka ta. Na iske ta da hannu baƙi ƙirin, lalle har wuyan hannu, wai ta ji za a ɗauki hoto. Rabin matan gari ma haka suka yi.

Ma'aikaciyar ta ɗora yatsun Inna a gilashi, ta goge, ta sake ɗorawa. Na'ura ta ƙi.

“Inna, lalle ya rufe zanen yatsu. Sai ya goge.”

“Mi?” in ji Inna. “Ɗiyata, gwamnati ba ta son kwalliya?”

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce wa ma'aikaciyar ai sai a faɗa wa mutane tun farko, wace mace ce za a ce ta fito taro ta fito da hannu fari? Ba ta yi musu ba. Ta dubi layin hannuwa baƙaƙe, dariya ta ƙwace mata, ta ce za su dawo bayan sati huɗu.

Washegari mai shela ya zaga gari, kada mace ta kusanci lalle. Har biki aka yi a tsakani, ƙawayen amarya suna ɓoye hannu cikin mayafi. Inna kuwa kullum tana dirzar yatsu da lemon tsami da toka, tana ƙirga watan ƙanwata.

Sun dawo kuwa. Na'ura ta karɓi yatsu goma, lamba ta fito, aka haɗa da layi. Ranar da waya ta buɗe ina zaune kusa da ita. Inna ta kira ƙanwata, ta kara a kunne, sai hawaye. Na tsorata.

“Inna, lafiya?”

“Yi mini shiru, ina jin kukan jikana.”

Da ta ajiye wayar ta ce in kwaɓa mata lalle, jibi suna.