Yatsu Goman Noy Sebio

A ƙauyenmu da ke kan tudun bayan garin Danao, ba ka buƙatar tambayar mutum ko maƙerin bindiga ne, hannunsa za ka duba. Wani yatsu tara, wani bakwai da rabi. Noy Sebio kaɗai ya shekara arba'in a sana'ar da gomansa cif, kuma bai taɓa barin mu manta ba. Ko ƙwaryar giyar kwakwa zai ɗauka, sai ya baje su kowa ya gani.

Ƙwarewarsa ita ce gurbin harsashi. Tsofaffin bindigoginmu, ragowar yaƙin Japan, tsatsa ta ci cikinsu. Kana harbawa kwanson harsashin ya maƙale, alhali aladen daji na tsaye yana kallonka. Noy Sebio zai zauna ƙarƙashin mangwaro da siririyar gora yana goge gurbin a hankali, kwana uku. Daga nan ya naɗa wa gorar ƙyallen siliki daga tsohon mayafin cocin matarsa, Nang Pilang, ya zura. In zare ya kama, da saura. In ya fito sumul, sai ya yi abin da al'adar maƙera ta ce: wanda ya taɓa bindiga ƙarshe shi ke fara harba ta. Sai dai a 'yan shekarun nan sau uku yake harbawa maimakon ɗaya. Muna cewa son nuna isa ne.

Ranar wata Asabar Gorio, mijin ƙanwarsa, ya kawo bindigarsa, don aladu sun addabi masararsa.

"Noy, ɗan duba min ita, gobe nake so."

"Kai da gaggawa kamar mai gudawa. Wa ya taɓa ta?"

"Ni? Ina ni ina aikin manya?"

Ƙarya yake yi. Ya riga ya ɗaura sanfefa a injin huda ya wuni yana gurzar gurbin, har ya faɗaɗa shi. Noy Sebio ya ɗaga bindigar sama ya leƙa, ya daɗe, sannan ya zura silikin. Ya fito sumul.

"Wannan ai lafiyarta ƙalau, kwanson naka ne ke da datti," in ji shi. Ya shafa mata mai, ya nufi bakin rafi, muka bi shi mu biyar.

Da ya harba, ƙarar da na ji ba ta bindiga ba ce. Kwanson ya fashe a cikin gurbin da ya yi masa yawa, wuta ta yo baya, katakon ya tsage. Da hayaƙi ya lafa, Noy Sebio na tsaye yana kallon hannunsa na hagu. Yatsu uku babu. Har yau ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Bayan kwana biyar ya dawo daga asibiti, muka taru a gidansa. Gorio ya durƙusa yana kuka, ya faɗi gaskiya. Ni dai raina ya ɓaci, na miƙe zan shaƙe shi.

"Zauna, Doming," Noy Sebio ya ce min. "Gorio wawa ne, ba yau muka sani ba. Amma gurbin da aka ci da sanfefa ko ɗan koyo ya leƙa zai gani. Siliki kaushi kawai yake faɗa, ba ya faɗin faɗi."

"To ai ka leƙa, Noy," na ce.

"Na ɗaga dai. Shekara biyu ke nan in na leƙa duhu nake gani."

Nang Pilang ta saki tukunyar shinkafar da ke hannunta. Ita ma ba ta sani ba. Ni da bakina a buɗe na fara tuna bindigata, wadda ya gyara bara, da ta maƙwabcina, da ta ɗana da ke gadin gona.

"Bindiga nawa ka mayar mana a haka?" na tambaye shi.

"Talatin da ɗaya. Me kuke tsammani ya sa nake harbawa sau uku? In za ta ci hannu, na fi so ta ci nawa."

Ya juya ga matarsa ya ce ta ciro silikin daga jikin gorar, ta wanke abinta, shi ya gama da shi.