Bindigar da Gwadabe Bai Leƙa Cikinta Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe mai gyaran bindiga na Gaya, a cikin mota kan hanyar kai shi asibiti a Kano. Bindigarsa ce ta fashe a hannunsa a gonarsa ta Balan, ɓallin ƙarfe ya same shi a wuya. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ya bar matarsa Kubura da 'ya'ya shida da jikoki, ya bar ni, Maiwada tela, da shagona ke manne da rumfarsa shekara ashirin da uku.

Malam Gwadabe, ka san ban taɓa harba ko danƙo ba. Amma zama kusa da kai ya sa na san cikin bindiga kusan yadda na san cikin kekena. Kai ka nuna min cewa idan aka harba dunƙulen dalma, irin wanda mafarauta ke sa wa gadu, dalmar takan goge a jikin bututu ta bar sawu. Harbi bayan harbi sawun na kauri, hanya na ƙara tsukewa, har ranar da harsashi zai rasa mafita ya nemi ta gefe. Na sha ganin ka toshe bakin bututu da tsumma, ka ɗura kananzir, ka jingine shi ya jiƙa. Sannan ka naɗa zaren tagulla a kan sandarka, ka yi ta turawa kana jawowa har dalma ta fara zubowa siri-siri. Soson ƙarfe kuwa ba ya shiga rumfarka, kana cewa yana cin bututu tare da dattin. Daga ƙarshe ka ɗaga bututun sama wajen rana, ka runtse ido ɗaya, ka daɗe kana leƙe.

Man keken da kake shafawa nawa ne, tsummokaran ma nawa ne. Shekara ashirin da uku kana kwasar min ƙyallaye, kana kuma yi min ƙorafi wai yadin zamani ba ya shan mai. Nakan ce maka mai roƙo da tsirfa ban taɓa ganin irinka ba, ka yi dariya ka ƙara ɗiba.

Ba na manta ranar da Bubayero, makiyayin nan na bayan Ajingi, ya kawo bindigarsa a gyara masa kunamarta kawai. Ka leƙa ciki, ka ce wannan ba za ta bar rumfar nan ba sai bayan kwana uku. Ya yi faɗa, ya ce shanunsa na daji babu mai tsaro. Ba ka ja da shi ba. Ka shiga ciki ka ɗauko taka, mai baki ɗaya, wadda ba ka taɓa sa mata komai ba sai harsashin zabi, ka miƙa masa. Da ya dawo ka nuna masa abin da ka kankaro daga tasa, ya kusa cika murfin kwalba. Mutumin ya zauna a kan bencina. Haka kake da bindigar nan, duk wanda ya shiga matsi kana ba shi aro.

Wannan halin ne Ɗantani ya sani. Ɗantani na Ajingi, amininka tun kuna samari, wanda kuka yi shekara talatin kuna shiga daji tare. A ƙarshen damina gadu suka addabi gonarsa ta gyaɗa, tasa bindigar kuma ta lalace, ya zo ka ba shi taka. Ka gargaɗe shi a gabana kada ya sa mata dunƙule, domin bakinta tsukakke ne, kuma ta tsufa. Ya ce haba, shi yaro ne? Mako uku tana hannunsa. Ranar Lahadi ya dawo da ita a kan babur, naɗe cikin buhu, ina zaune ina sa maɓalli. Na ji shi da kunnena.

"Ga ta nan, Gwadabe. Na wanke ta tas, har mai na shafa."

Ka karɓa ka rataye. Ku mafarauta kuna da wata ɗabi'a da ni tela ban taɓa fahimta ba: idan amini ya dawo da makami ya ce lafiya lau yake, leƙa shi daidai yake da ce masa maƙaryaci. Wasu sukan jira ya tafi su duba. Kai kuwa ka riƙe abin har zuci. Bayan ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na ce maka ba za ka ɗaga ta wajen rana ba? Ka ce min, "Ɗantani ne fa, Maiwada." Ban ƙara cewa komai ba, kuma wannan shirun nawa yana damuna har yau. Bindigar kowa ka leƙa a ƙasar nan, ta hakimi da ta talaka, sai wannan ɗaya. Kwana biyu bayan haka ka fita neman zabin daji.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce sakaci ne na ɗan Adam, na bar wa Allah. Abin da ya ci min rai a wurin zaman makoki ya faru. Ranar uku, mafarauta sun cika ƙofar gidanka, ana ta tambayar yadda mai gyaran bindiga zai mutu da bindigarsa. Sai Ɗantani ya girgiza kai, ya ce ai kwanan nan idonka ya yi rauni, hannunka ma ya fara rawa, shi ya daɗe yana lura, kunya ce ta hana shi faɗa. Mutane suka gyaɗa kai suka ce tsufa ke nan. Kafin la'asar maganar ta shiga gari. Har na ji wani yana cewa bari ya kai bindigarsa Kano a sake dubawa, tunda ashe makaho ne ya yi ta wanke musu.

Makaho! Mutumin da ko a makon da ya rasu shi ya zira min zare a allura.

Da yamma Kubura ta aiko a kira ni. Ta tsaya daga bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam Maiwada, kai ne kullum tare da shi. Ka faɗa min gaskiya, shi ya jawo wa kansa?"

Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Babban ɗanka Muzammil ya fito min da ragowar bindigar, na ɗaga bututun wajen rana kamar yadda na ga kana yi. Cikin ya yi toka-toka, ya yi kauri, babu ko sheƙi. Na sa tsinin almakashi na kankara, dalma ta ɓantaro ɓawo-ɓawo. Harsashin zabi ba ya barin irin wannan, ko ni na sani. Muzammil ya gani, ya juya baya yana kuka.

Washegari na hau mota zuwa Ajingi. Na samu Ɗantani a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tsinkar gyaɗa. Ban yi masa ihu ba, na zube masa ɓawon dalmar a kan tabarma. Ya duba. Sannan ya gaya min cewa dalmar tsohon batirin mota ya narka, ya cura ta da kansa, ya buɗe kwanson harsasai ya cusa. Ya harba ya fi sau ashirin. Wai ya yi niyyar wankewa, aikin gona ya sha kansa, sai ya goge bayanta da mai don kada ka yi masa faɗa. Na tambaye shi maganar ido fa? Ya ce tsoro ne ya kama shi da ya ga kowa na tambaya. Ya riƙe min hannu ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali.

Kai ma kana da iyali, Malam Gwadabe. Ɗantani ya ɗauki asirinsa ya rufe da sunanka, kana kwance ba ka da bakin karewa. Na zare hannuna, na dawo Gaya, na tsaya a bakin labulen Kubura na gaya mata mijinta bai yi sakaci da sana'arsa ko sau ɗaya ba, yarda da amini ce ta kashe shi. Na rubuta wannan don duk wanda ya gyaɗa kai a wurin makokin nan ya ji.

Ya Allah Ka gafarta wa Gwadabe, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa hannayen da ya tsare wa mutane su zama masa hujja ranar hisabi. Kubura, Allah Ya ba ki juriyar takaba. Muzammil da ƙannenka, ku ɗaga kanku a kasuwa, ubanku da idonsa garau ya rasu. Ina miƙa ta'aziyya ga mafarautan Gaya da Balan da Ajingi baki ɗaya.

Malamai sun ce a yafe, na kuma san gaskiya suka faɗa. Na gwada sa Ɗantani cikin addu'ar nan sau uku, bakina ya ƙi. Allah Ya yafe min wannan, Ya jiƙan maƙwabcina.