Tagar Kicin Sitt Bahiga

Sitt Bahiga, tela maƙwabciyarmu a unguwar Shubra, ba ta kai kukanta wurin kowa. Da mijinta ya rasu, wata ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam ta zo yi mata tambayoyi, ta rantse sirri ne. Amma sai ta zaunar da ita gindin tagar kicin, inda duk benenmu ke jin juna! Bahiga ta ce tun rasuwarsa take barci lafiya. Kafin la'asar, uwar mijin ta daina amsa gaisuwarta.

Ɗalibar ta dawo tana cewa, "Hajiya, gwajin farko ne kawai, ba za mu yi amfani da shi ba."

"Gwaji? A kaina kika koyi aiki, 'yar nan? Surukata ta riga ta yi amfani da shi!"

Ta ƙwace kofin shayin daga hannunta, ta buɗe mata ƙofa.