Salular Kaka a Cikin Ƙwarya

Jiya wata ɗalibata ta ajiye salula cikin kwano don sauti ya ƙaru, sai na tsaya da alli a hannu, na kasa ci gaba da rubutu. Wannan amon na san shi tun ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Kwaya, sai dai mu a ƙwarya muke sakawa.

Shekarar da zan yi birbe, jarrabawar gama kolej, mushe, wato malamin da ke koya mana Ingilishi, ya tafi, ba a aiko wani ba. Kafin ya tafi ya bar darussansa da muryarsa wurin mai tura waƙoƙi a kasuwar Magariya, ya ce duk mai katin salula ya je a saka masa. Yara maza suka yi ta zuwa. Ni kuwa na san idan na faɗi Ingilishi na faɗi birbe, karatuna kuma ya ƙare ke nan.

Mahaifina yana ci-rani a Najeriya, gidan yana hannun baffana. Mutum ne mai ciyar da mu ba tare da gori ba, amma ya kafa doka: 'ya mace ba ta riƙe salula a gidansa. Ya ce ya ga abin da salula ta yi wa 'ya'yan wasu. Na yi kuka har idona ya kumbura, bai ko dube ni ba.

Salula ɗaya ce a ɓangaren mata, ta kakata, wadda mahaifina ya aiko mata don ya riƙa jin muryarta. Tana ɗaure da ita a bakin zane tare da goro. Kakata ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, haƙoranta ma saura kaɗan. Ranar kasuwa ta ba wani maƙwabci katin da wa'azinta ke ciki, ya dawo da shi cike da muryar mushe.

Lokacin an gama cire gyaɗa, mata suna zaune gindin darbejiya suna ɓara, ƙamshin ɗanyar ƙasa yana tashi daga buhu. Kakata ta jefa salular cikin ƙwarya, ta ce in danna mata. Murya ta cika tsakar gida. Ba a jima ba sai ga baffa.

"Inna, na hana yarinyar nan salula."

"Ka gan ta a hannunta? Tawa ce. Ni ke karatu. Jikokina na Kano suna zagina da Ingilishi idan sun kira, ramawa zan yi."

Baffa ya san ba haka ba ne, amma ba a ƙaryata uwa. Sai ya jawo turmi ya kifa, ya zauna, yana jira ta gaji. Mushe ya faɗi jimla, ya yi shiru don a maimaita. Kakata ta maimaita da ƙarfi, ta murɗe kalmomin har babu mai gane su. Matan gida suka toshe baki da zane. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ni ina gefenta, kaina a ƙasa, ina ɓara gyaɗa, ina maimaitawa a hankali. Har aka kira la'asar ba ta tsallake jimla ɗaya ba. Baffa ne ya fara tashi.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya je wurin mai cajin hasken rana na bakin masallaci, ya ce kada ya ƙara karɓar salular daga hannun yaran gidanmu. Washegari kakata ta ɗauki sandarta ta kai da kanta, ta zauna kan benci cikin samari har batir ya cika. Magana ta zaga gari cewa tsohuwa tana zaman layi saboda ɗanta. Daga ranar baffa bai sake tayar da zancen ba.

Abin da nake so ku gane shi ne, ba yini ɗaya ta yi ba. Duk ranin nan, da zafinsa da ciwon bayanta, sai ta zauna, domin idan ta tashi dokar baffa ta hau kaina. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta, in taɓa gwiwarta, ta farka tana maimaita abin da ba ta ji ba. Na ci birbe. Da aka faɗa mata sai ta ce, "To, a cire mini mutumin nan, a mayar mini da wa'azina."

Yau ni ke koyar da Ingilishi a Magariya. Horon da ake ba mu na aiki ma ta salula yake zuwa, a aiko darasi, mu saurara, mu mayar da amsa. Kakata ta rasu, baffa ya tsufa, shi ke kirana yanzu in gyara masa tasa salular. Ina ƙaunarsa, amma har gobe ban yarda yana da gaskiya ba.

Dokar kuma ba ta mutu ba. Makon da ya wuce wani uba ya zo har aji, ya ce kada in ƙara tura wa 'yarsa darasi ta salula. Na saurare shi da ladabi, na raka shi ƙofa. Da aka tashi na tsayar da yarinyar, na tambaye ta ko kakarta tana da rai. Ta ce e.

Na ce, "Gaishe ta. Ki ce madam tana nan zuwa ranar Juma'a."