Labarin Mai Jego Da Aka Goge Mini

Duk abin da za ni manta a aikin ungozoma, ba za ni manta da shekarar da aka goge mini labari a shafin sada zumunta ba. Har yau in na tuna, sai in ji gajiya ta sauko mini har ƙashi.

Lokacin ina ƙaramin asibitin Kurawa. Matanmu kuwa kunya ta yi musu yawa, mace tana zubar da jini amma in ka tambaye ta sai ta ce ciwon ciki ne. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Sai na ce bari in bi ta inda suke so, tunda ko wadda ba ta iya karatu ba tana samun mai karanta mata labari a waya. Na ƙirƙiri wata mai jego da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Kullum in na tashi aiki sai in hau tudun bayan asibiti, inda waya ke kamawa, in saka kashi ɗaya. Ban ɓoye komai ba, kowace gaɓa na kira ta da sunanta.

Wai ni gwanar jan rai! A kashi na shida na kawo wata tsohuwa tana ba mai jegon jiƙo, tana cewa a jira, jinin biƙi ne, da kansa yake tsayawa. A nan na yanke. Niyyata washegari in nuna yadda jiran ya kusa kashe ta.

Washegari na hau tudu, na tarar babu labari, shafin nawa ma an rufe shi. Wani da har yau ban san shi ba ya kai ƙara wai batsa nake rubutawa. Na rubuta wa kamfanin da ke da dandalin bayani sau uku, amsa ɗaya ke dawowa, wai na saɓa ƙa'ida. A gari kuma har an fara cewa za a kai ni gaban alƙali.

Tsoro ya kai ni garin Isa wurin kawuna, tsohon magatakardan kotu. Ya saurari abin da na rubuta tsaf, sannan ya ce, "Ɗiyata, doka ba ta ƙyale labari don an ce ƙirƙira ne, in batsa ce batsa ce. Amma wanga naki ba shi tada sha'awar kowa, tsoro ma shika ba mutum. Kwanta da hankalinki."

Na ce, "To Kawu, a sa su maido mini mana."

Ya yi dariya. "Alƙali na iya wanke ki, amma ba shi tilasta ma mai zaure ya shimfiɗa miki tabarma. Zaurensu ne."

Kotu ba ta taɓa kirana ba, shafi kuma bai dawo ba. Raina ya ɓaci, na yi fushi na bar rubutun gaba ɗaya. Wannan fushin shi ne wautata ta biyu, bayan ta yanke labarin a tsakiya.

Bayan damina, wata ranar awon ciki, wata mata daga wajen Unguwar Lalle ta tsaya bayan kowa ya watse. Ta ce, "Malama, ke ce mai labarin nan ko? Don Allah yaya mai jegon ta ƙare?"

Na ce, "A babur aka ɗora ta zuwa asibiti, da ƙyar ta sha. Tsohuwar nan kuskure ta yi."

Sai ta ce, "Da ƙanwata ta haihu jini ya zo mata. Ni na ce a jira, ai ko a labarin Malama an ce yana tsayawa. Sai da ta suma muka nemi babur. Ba mu kai titi da ita ba."

Ba zargina ta zo yi ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana ya ƙare, na sani. Amma na yi wata uku ina faɗa da mutanen da ba su ma san akwai wani gari Kurawa ba, alhali matan da ke jiran ƙarshen labarin kowane mako suna zaune a gabana.

Yanzu da baki nake ba da shi ranar awo, kuma daga ƙarshe nake farawa. Abin da na koya ke nan: in a zauren wani kake magana, fara faɗin abin da ya kawo ka, don ba ka san lokacin da za a naɗe tabarma ba.