Mujiyar Dutsen Ka'akiyya

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Lokacin ina Makka ina aikin lebura a bayan unguwar Ka'akiyya, inda ake fasa wani dutse za a gina gidajen haya, ga shi ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kullum a ɗarare nake.

A wani kogo can saman dutsen akwai wata mujiya, ba irin ƙananan nan na gida ba, ƙatuwa ce mai launin ƙasa, da tukku biyu a ka kamar ƙaho, idanunta kamar garwashi. Baba Sani, wani dattijo Basakkwace da ke gadin wurin, ya ce da can suna da yawa, su ke rage musu ɓeraye da kunamu, amma tunda aka shiga cinye duwatsun sai jefi-jefi ake ganinsu.

Rannan mudir, wato shugaban aikin, ya ce gobe ɓangaren kogon za a fasa. Baba Sani ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗiya gare ta ciki." Wato mujiyar tana da 'ya'ya a kogon.

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan la'asar na ɗauki kwali na kama hawa, nufina in kwashe 'ya'yan in kai su dutsen gaba. Na isa bakin kogon, na tsaya kan wani falalen dutse, ga su can a takure kamar curin auduga, sai ga uwar ta sauka gabana, ko ƙarar fiffike ban ji ba. Ba ta kawo mini hari ba, kallona kawai take yi.

A nan ne na ji an kira ni ta baya, da sunan da mahaifiyata kaɗai take kirana da shi, da muryarta sak, ita da ta rasu tun ina saurayi. Ban san sanda na amsa na juya na yi wajen muryar ba. Ina ɗauke ƙafa, falalen nan ya ɓalle gaba ɗaya ya gangara ƙasa.

Da kyar na sauko. Baba Sani ya riƙe ni yana salati, na ce Baba, wa ya kira ni? Ya ce, "Ban ji kowa ba, kai dai na ji ka amsa."

Saboda zaftarewar aka dakatar da aikin gefen nan, har 'ya'yan suka tashi. Daga baya na buga wa yayata waya na tambaye ta ko tana tuna sunan, ta ce ita kanta ta manta da shi sai yanzu da na faɗa.

Ni dai ban ce tsuntsuwa ce ta yi magana ba, Allah ne masani. Amma don Allah, in kun ga mujiya kada ku jefe ta, ku yi addu'a ku wuce abinku.